Kafin Ka Ƙetare Ɗan Barto



In kaka ta yi, aka yanke gero aka zuba a rumbu, masu bi na karkarar Matameye da Kance sukan ce, bari mu tashi mu je mu gai da yaran da ke hannun 'yan'uwa a Nijeriya. Wani yana da ɗa a makarantar kwana ta masu bi a can. Wani wurin kuwa zumuntar mata ce ta tara wake da gyaɗa da sabulu domin marayu, irin waɗanda ake riƙo a Gidan Bege a Jos, inda ake karɓar yaran da suka rasa mai riƙo, ana ciyad da su, ana koya musu karatu da Maganar Allah. Wannan niyya ce mai kyau ƙwarai. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu cikin ainihin ibada mai tsarki. Zumunci kuwa a ƙafa yake.

Amma da an kawo zancen shiri, sai ka ji wani ya ce, "Ai aikin Allah za mu yi, Allah zai tsare mu." Gaskiya ne Allah yana tsaro. Tambaya ita ce, yaya bayinsa na dā suka yi da suka tashi tafiya da 'ya'yansu? Ka ɗauko Littafi Mai Tsarki mu duba tare.

Mutum biyu, hanya ɗaya

Ka buɗe Ezra sura 7 da 8. Ezra malamin Attaura ne a ƙasar Babila. A shekara ta bakwai ta mulkin sarki Artashate ya tashi da jama'a mai yawa zuwa Urushalima, maza da mata da ƙananan yara, da azurfa da zinariya na Haikali. Tafiyar wata huɗu ce, hanya kuwa cike da maƙiya da 'yan kwanto. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, domin ya riga ya shaida wa sarkin cewa hannun Allah yana bisa masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka roƙi Allah hanyar lafiya domin kansu, da 'ya'yansu, da kayansu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Su ce, ka gani, Ezra bai nemi kowa ba sai Allah. To, ka ci gaba da karatu. Wannan mutumin da ya ƙi sojoji, takardar sarki tana hannunsa. Ya yi zango kwana uku a Ahawa kafin ya motsa. Ya bi jama'a yana dubawa, ya tarar babu Lawiyawa a cikinsu, bai tashi ba sai da ya aika aka kawo su. Sunayen shugabannin gidaje da yawan mutanensu suna nan a rubuce har yau. Ya keɓe mutum goma sha biyu daga manyan firistoci, ya auna musu azurfar da zinariyar a hannu, kowa ya san abin da aka danƙa masa. Sa'an nan suka kama hanya.

Bayan shekara goma sha uku Nehemiya ya tashi zuwa Urushaliman nan. Ka karanta Nehemiya 2:1-9. Ya yi wata da watanni yana addu'a, har a gaban sarki ma ya yi addu'a a zuciyarsa kafin ya buɗe baki. Da ya buɗe baki, me ya roƙa? Wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa, domin su bar shi ya wuce. Sarki ya ƙara masa da hafsoshi da mahayan dawakai, Nehemiya kuwa ya karɓa, ya ce alherin hannun Allah ne.

Ɗaya ya ƙi rakiya, ɗaya ya karɓa, Littafin bai zargi ko ɗayansu ba. Dukansu biyu sun durƙusa, dukansu biyu sun riƙe takarda. Wanda ya taɓa ba da shawarar a yi tsalle ba shiri domin mala'iku za su tare, Iblis ne, a kan ƙololuwar Haikali, kuma ka san amsar da Yesu ya ba shi. Tana cikin Matiyu 4:5-7.

Takarda

Ɗan Barto kusa take da mu. Daga can sai Kwangwalam, sai Mai'aduwa, sai Daura, sai Kazaure, sai Kano. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya. Saboda haka mukan manta cewa ƙasa biyu ce, kowace da dokarta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sāke rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Abin da aka karɓa a hannun maƙwabcinka bara, ba lalle a karɓa a hannunka bana ba. Ka je wurin hukuma a Matameye ka tambaya tun da sauran mako biyu ko uku. Matambayi ba ya ɓata.

Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa ko fasfo wanda kwanansa bai ƙare ba. Kowane yaro da takardar haihuwarsa. Fasto ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da sunayen matafiya duka, da inda za su, da ranar komowa, ya buga hatimin ikkilisiya. Masu gidan yaran su ma su aiko da wasiƙar gayyata. Takardarka da Faransanci take, ma'aikacin can kuwa Ingilishi ya karanta, amma ku biyun kuna jin Hausa. Ka yi masa bayani da ladabi, ba da faɗa ba. Mai cikakkiyar takarda ba shi da bukatar yin ƙarya, ba shi da bukatar miƙa cin hanci. Mai bin da ya fara tafiyar aikin Allah da ƙarya a bakin iyaka, me zai je ya koya wa yara?

Ga abin da ya fi nauyi. In za ka da yaron da ba kai ka haife shi ba, ko ɗan wanka ne, ko jikar ƙanwarka, kada ka tashi sai da takardar yardar iyayensa, wadda hukuma ta sa wa hatimi. A wurinmu ɗan ɗan'uwa ɗa ne. A wurin ma'aikacin iyaka kuwa, mutumin da ke ƙetarewa da yara huɗu ba takarda, kama ɗaya yake da mai fataucin yara, har sai ya nuna shaida. Kada ka ji haushinsa. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙi da wannan mugun ciniki, Nijar ma ta yi tata dokar a 2010, domin ana sayar da yara da gaske, ana kuma bi da su ta irin hanyoyin nan namu.

Kyakkyawar zuciya ba ta tsaya a madadin takarda. A Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti, wata ƙasa matalauciya a tsibirin da ke kusa da Amurka. Waɗansu masu bi goma, 'yan Baftis daga Amurka, suka ji tausayi, suka je suka kwashi yara 33 a mota, za su ƙetare da su zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka domin su buɗe gidan marayu. Ba su da izinin hukuma. Aka kama su a iyaka, aka tsare su. Da aka bincika, sai aka tarar yawancin yaran iyayensu suna da rai. An yi ta zagin sunan Almasihu a gidajen rediyon duniya saboda wannan, masu aikin marayu na gaskiya kuma suka sha tuhuma.

Ɓarauniyar hanya

Wanda bai shirya takarda ba, a bakin iyaka zai tarar da mai kabu-kabu yana jiransa, yana ce masa, "Zo in bi da kai ta daji, ba wanda zai gan ka." Ya ɗan'uwa, kada ka hau. Kada ka ɗora ɗanka.

Mu mutanen ƙasar Kance ba mu bukatar a ba mu labarin wata ƙasa a kan wannan. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a cikin Sahara, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Sun tashi daga Arlit a mota biyu za su Tamanrasat, ba ta ƙofar hukuma ba. Motocin suka lalace, ruwa ya ƙare. Da yawansu 'yan ƙauyukanmu ne. Gwamnati ta sa aka yi makokin kwana uku. Ba muna tuna su domin mu zarge su ba. Yunwa ce ta tashe su, iyayen nan mata abinci suke nema wa 'ya'yansu. Amma ka lura da abu ɗaya. Wanda ya bi hanyar da ba a san da shi ba, in ya faɗi, ba wanda ya san inda za a neme shi. Dajin kudu ba Sahara ba ne, ƙishirwa ba za ta kashe ka tsakanin Ɗan Barto da Mai'aduwa ba. Duk da haka a ɓarauniyar hanya ba ka da suna a littafin kowa, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Kakanninmu suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ka shiga mota a tasha, inda aka san direba, aka san motarsa. Ka duba tayoyi da idonka. Motar da aka cusa wa jarkokin mai a ƙarƙashin kujera, ko kyauta ce ka bar ta ta wuce. In direba yana gudun wuce hankali, ka yi magana, ka sa sauran fasinjoji su yi magana. Kunya ba ta kai ran yaro ba.

Ka saurari mazauna wurin

Cikin Ayyukan Manzanni 23, Ubangiji ya tsaya wurin Bulus da dare a kurkuku, ya tabbatar masa zai yi shaida a Roma. Kashegari ɗan 'yar'uwarsa ya zo da labari cewa mutum fiye da arba'in sun yi rantsuwa za su kashe shi a hanya. Bulus yana da alkawarin Allah a kunnensa, sabo ful. Duk da haka bai ce wa yaron ya je ya huta ba. Ya kira jarumin soja, ya ce a kai saurayin wurin shugaba ya faɗi abin da ya ji. Ta bakin yaron nan Allah ya cika alkawarinsa.

Haka kai ma. Kafin ka sa ranar tashi, ka kira masu gidan yaran. Su ne suka san hanyarsu. In suka ce kada ku zo wannan wata, kada ka ce sun ƙi baƙi. In suka ce ku bi ta nan, kada ku bi ta can, ka ji. Hanyar Kano zuwa Jos da ke ratsa dajin Falgore ta daɗe da suna wajen 'yan fashi. Waɗansu lokatai lafiya lau ce, waɗansu lokatai ba haka ba, mai zama a Matameye kuwa ba shi da ikon sanin wanne ne wanne. Jos ma ta sha rikici, an sha sa dokar hana fita. Ranar zaɓe, da ranar da gari ya ɗauki zafi, ba ranar baƙo ba ce. Waɗanda suke Damagaram ran 16 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u, sun san yadda gari kan juye tsakanin hantsi da azahar.

Mu koma Haiti. Ran 16 ga Oktoba 2021 waɗansu ma'aikatan mishan na Christian Aid Ministries suka je ziyarar gidan marayu a bayan babban birnin. Su 17 ne, 16 'yan Amurka, ɗaya ɗan Kanada, biyar daga cikinsu yara, ƙaramin jariri ne ɗan wata takwas. Suna komowa 'yan bindiga suka tare motarsu, suka kwashe su duka, suka nemi dala miliyan ɗaya a kan kowane kai. Aka saki biyar daga baya. Sauran goma sha biyun sai tsakiyar Disamba suka kuɓuta, suka yi tafiyar dare a ƙasa cikin ƙaya, suna ɗauke da jaririn. Sun yi ta addu'a da waƙa wata biyu a tsare, Allah kuwa ya fisshe su, sun kuma ce sun gafarta wa waɗanda suka kama su. Muna yabon Allah domin wannan. Amma kai uba, ka zauna da matarka ku yi wa kanku tambaya kafin ku tashi: jaririn nan da ke goye, lalle ne sai an je da shi? Babba yana iya zaɓar ya sa ransa a hatsari domin bishara. Ɗan wata takwas bai zaɓi kome ba. A ganina, in masu masauki suka ce hanya ba ta kwanta sarai ba, ƙananan yara su zauna wurin kaka.

Ku tashi da asuba, ku sauka kafin almuru. In rana ta faɗi kuna Kano, ku kwana a Kano wurin 'yan'uwa da aka riga aka sanar, gobe ma rana ce. Kada ka ba baƙo labarin inda za ka da abin da kake ɗauke da shi. Ka canja sefa zuwa naira wurin wanda ka sani, ka raba kuɗin wuri biyu ko uku, kada ka ƙirga su a tasha. Layin wayarka yana iya ɗaukewa da ka ƙetare, batir kuma yana mutuwa, saboda haka ka rubuta lambobin masu masauki da ta fastonka a takarda. In direba ya tsaya domin fasinjoji su yi salla, ka jira da haƙuri, kai ma ka yi taka addu'ar a zuci. Mota ba wurin gardamar addini ba ce. Sau da yawa wanda zai tallafe ka in mota ta lalace, shi ne maƙwabcin kujerarka, kamar Basamariyen nan na Luka 10.

Jiki ma amana ne

Katin rigakafin cutar shawara, mai launin ɗorawa, ana iya tambayarka a iyaka. Sai allurar ta kwana goma katin yake fara aiki, don haka kada ka bari sai jajibirin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, ana kuma yi wa yaro tun yana wata tara.

Ke uwa, ki ɗauko katin rigakafin kowane yaro ki kai likita ya duba. Kin tuna mashaƙo a 2023, cutar nan mai toshe maƙogwaro. Ta kama yara a nan Matameye, ta kama dubbai a Kano, ta fi kuma kashe waɗanda ba su cika allurarsu ba. Cuta ba ta tsaya a Ɗan Barto a duba mata takarda. Yaron da ke tari ko zazzaɓi ko ƙuraje kada a je da shi. Gidan da yara da yawa suke kwana ɗaki ɗaya, baƙo ɗaya mai ƙyanda ya isa ya kwantar da su duka, kin kai kyauta kenan kin bar musu makoki.

Ku tafi da gidan sauro, da ruwa mai tsabta, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai gudawa ya yi ta kurɓa har a kai asibiti. Jos kuma a kan dutse take, sanyinta na Disamba da Janairu ya fi wanda yaranmu suka saba. Ku ɗauki bargo da rigar sanyi.

Ina yaron?

Yusufu da Maryamu mutanen kirki ne, masu tsoron Allah, amma sun yi tafiyar yini guda ba su san Yesu ba ya cikin ayari ba. Suna tsammani yana wurin dangi. Sai bayan kwana uku suka same shi. Ka karanta Luka 2:41-50. In wannan ya sami gidan da mala'ika ya yi wa magana, zai iya samun naka a tashar Kano. Kada a ce yara suna hannun jama'a. Kowane yaro a ba shi babba ɗaya da suna, a gaban kowa. Duk inda mota ta tsaya, a ƙirga kafin a sauka, a ƙirga kafin a tashi. A sa wa kowane yaro 'yar takarda a aljihu mai sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da lambar waya.

A gidan yaran

Ka iso lafiya, an ba ka ruwa. Yanzu tsaron ya juya: yaran nan ne za a tsare, har daga gare ka. Kada ka ji ciwo in masu gida suka rubuta sunanka, suka ce baƙo ba ya shiga ɗakin kwanan yara, ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Gidan da ke da irin wannan doka gidan kirki ne. Akwai kyarketai masu zuwa da fatar tumaki, doka kuwa ba ta iya sanin zuciya, sai ta hau kan kowa. Ka karanta Matiyu 18:1-10 ka ga yadda Ubangiji yake kishin ƙananan nan.

Kada ka ɗauki hotonsu sai da izini. Kada ka sa a Facebook ko WhatsApp cewa ga mu a wuri kaza, ga yara kaza, ga abin da muka kawo. Ba masu bi kaɗai ke duba waya ba. Ran 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Bethel ta Baftis a jihar Kaduna da dare, suka kwashe ɗalibai fiye da 120. Iyaye suka yi watanni suna kuka, suna sayar da abin da suka mallaka. Tun daga irin wannan, masu riƙon yara ba su son a yi ta shelar ƙofarsu.

Kyauta ka danƙa wa shugaban gida a gaban shaidu, kada ka zaɓi yaro ɗaya mai fara'a ka cika masa hannu sauran suna kallo. Kada ka tone wa yaro labarin yadda iyayensa suka mutu. Kada ka ce masa za ka komo ka ɗauke shi, ko za ka aiko masa da keke, in ba ka tabbata ba. Kai za ka manta kafin ka kai Daura. Shi kuwa zai yi shekara yana duban ƙofa. In kuma tausayi ya kama ka har ka ji kana so ka tafi da wani yaro Matameye ka riƙe, ka tuna da mutum goman nan da yara 33. Wannan magana ce ta hukuma da dangin yaron, ba ta yini ɗaya ba.

Da Ezra da jama'arsa suka isa Urushalima, suka huta kwana uku. A rana ta huɗu aka kawo azurfa da zinariya da kwanoni cikin Haikali, aka sāke aunawa a hannun firistoci da Lawiyawa, aka ƙirga kome, aka rubuta nauyin. Sa'an nan suka miƙa hadayu. Ku ma, ran Lahadin da ta bi komowarku, ku tsaya a gaban ikkilisiya. Jagoran tafiya ya karanta sunayen da aka rubuta ranar tashi, kowa ya amsa. Ya mayar da kowane yaro hannun uwarsa, tare da takardar haihuwarsa da katin rigakafinsa. Ma'aji ya faɗi abin da aka tara, da abin da aka kashe a mota, da abin da aka danƙa, ya nuna takardar shaidar da masu gidan yaran suka sa wa hannu. A rubuta sunan direban da ya yi tuƙi da hankali, da gidan da aka kwana a Kano, da abin da aka tambaya a Ɗan Barto da Kwangwalam, a ajiye cikin littafin ikkilisiya domin waɗanda za su tafi baɗi. Yaron da ya komo da zazzaɓi a kai shi likita a ranar, a gaya wa likitan garuruwan da aka bi.